Karen da zai yi wa makaho jagora: da me ake gane shi, kuma tun yaushe?

A bakin Babbar Kasuwar Yamai, ko wajen Katako da hantsi, ba a rasa makaho riƙe da ƙarshen sanda, yaro na gaba riƙe da ɗaya ƙarshen. Duk wanda ya tsaya ya lura da yaron na minti guda zai ga yawan aikin da yake yi bai ko buɗe baki ba. Ya kauce wa kaniwon da murfinsa ya karye. Ya rage sauri ɗan kabu-kabu ya wuce. Ya ɗan danna sandar ƙasa don maigidansa ya sunkuya, kada kwanon rumfar mai tebur ya sare masa goshi. Ya wuce mai tsire bai tsaya ba, ko da yunwa na cinsa. Wannan aiki na ɗan jagora shi ake ɗora wa kare a ƙasashe da dama, tun 1916 da aka buɗe makarantar farko a garin Oldenburg na Jamus saboda sojojin da suka makance a yaƙin duniya na farko. Amurka ta bi sahu a 1929 da makarantar The Seeing Eye, Ingila a 1931, Afirka ta Kudu a 1953.

Shekaru sama da ɗari ke nan, amma har yau akwai abin da ke ci wa makarantun nan tuwo a ƙwarya. Cikin ƴan kwikwiyo goma da aka haifa takanas domin aikin, daga iyayen da aka tace, uku zuwa biyar ba sa kai bantensu. Kuma ba a cika ganewa da wuri ba. Kwikwiyo na barin uwarsa yana da mako bakwai ko takwas, ya je gidan masu riƙo na sa kai, ya zauna har ya kai wata goma sha biyu zuwa sha shida, ya dawo makaranta a yi masa horo na wata huɗu zuwa shida, sannan a haɗa shi da makahon da zai yi wa aiki su yi makonni suna sabawa. Kusan shekara biyu ke nan ana ciyarwa, ana magani, ana biyan masu horo, kuɗin da ake lissafawa da dubun-dubatar daloli kan kare ɗaya. In aka kai wata na ashirin sannan aka gane bai dace ba, an yi asarar dukiya, ga kuma wani makaho can da ke cikin layin jira. Shi ya sa tambayar da aka fi kashe wa kuɗin bincike ita ce: wace alama ce a halin kare ko a jikinsa ke nuna zai iya, kuma a wane wata take fara faɗin gaskiya?

Aikin kansa

Sai an san aikin kafin a fahimci alamomin. Kare jagora bai san inda za a je ba, kuma ba ya karanta fitilar ba da hannu. Makahon ne ke riƙe da taswirar gari a kansa, shi ke sauraron ƙarar motoci ya yanke shawarar tsallakawa. Karen na tafiya a hagunsa, ɗan gaba kaɗan, sanye da ɗamara mai mariƙi mai tauri wanda ke isar da kowane motsin kafaɗarsa zuwa hannun mutumin. Aikinsa ya miƙe hanya, ya tsaya cak a bakin titi da bakin matakala, ya kewaye cikas yana barin filin da zai ishe su biyun, ya lura da abin da ke sama daidai kan mutum ko da shi kansa zai wuce ta ƙasa ba matsala. Mafi wuya shi ne ƙin bin umarni da gangan: an ce masa "mu je", ya ga babur tafe, ya toge. Ana son kare mai biyayya dare da rana, wanda kuma zai iya cewa a'a a daƙiƙar da ta dace.

Mutane na zaton wayo ne kan gaba. Wayo na da amfani, amma kare mai matsakaicin kai ma na koyon umarnin nan duka. Abin da ke zubar da yawancin waɗanda aka sallama shi ne tsoro, shagala da wasu karnuka ko dabbobi, da rawar kai. Wannan ba sabon labari ba ne. Tun farkon shekarun 1980 Goddard da Beilharz suka bi diddigin karnukan jagora a Ostareliya, suka gano tsoro ne ya fi jawo sallama, kuma kusan rabin bambancin tsoro tsakanin kare da kare gado ne daga iyaye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga nan makarantu suka koma lissafin zuriya: kafin a bar wani kare ya yi barbara, sai an duba sakamakon ƴan uwansa, da na ƴaƴan da ya riga ya haifa, da na kakanni. Kare na iya zama natsattse a karan kansa, amma in ƴan ɗakinsu huɗu cikin bakwai an sallame su kan firgita, ba a sa shi cikin masu haihuwa.

Uwa da makonnin farko

A 2017 Emily Bray da abokan aikinta suka fitar da wani sakamako da ya ba mutane mamaki. Sun sa kyamara suna kallon karyoyi masu shayarwa a The Seeing Eye cikin mako uku na farko, sannan suka bi ƴan kwikwiyo 98 har girmansu. Ƴaƴan uwar da ba ta barin akwatin haihuwa, kullum tana lasa tana rungume, su suka fi faɗuwa. Har yadda ake shan nono ya yi tasiri: waɗanda uwarsu ta fi shayarwa a kwance bisa cikinta sun fi faɗuwa, waɗanda kuwa take shayarwa a zaune ko a tsaye, sai sun miƙe sun yi fafutuka kafin su kama, sun fi cin nasara. Tsofaffinmu za su ce ai ɗan lele dama ba ya ƙarko. Amma a yi hattara da fassarar. Makaranta ɗaya ce, kuma duk karyoyin nan suna kula da ƴaƴansu, babu mai sakaci a cikinsu. Sannan uwar da ba ta iya rabuwa da ƴaƴanta na minti biyar tana iya kasancewa ita kanta mai fargaba ce, ta gadar musu ta jini. Babu wanda zai ɗauki wannan ya raba kwikwiyo da uwarsa da wuri. Yin haka na jawo wata ɓarnar ta daban.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne lokacin sabo. Scott da Fuller, waɗanda suka shafe shekaru goma sha uku suna nazarin karnuka a Bar Harbor ta Amurka suka fitar da sakamakonsu a 1965, sun nuna cewa daga mako na uku zuwa kusan na goma sha biyu ne ƙwaƙwalwar kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tare da tsoro ya yi mata katanga ba. Wanda bai taɓa cuɗanya da mutum ba har ya wuce mako goma sha huɗu, da wuya ya saki jiki da mutane har abada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka masu riƙo ke da jerin abubuwan da za su nuna wa kwikwiyo a hankali: mai rawani, mai hijabi, mai sanda, yara masu ihu, ƙarar babur, tafiya bisa ƙarfe, bisa tayil mai santsi, hawa mota. Ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan, daga nesa, a dakata tun bai tsorata ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kwikwiyo a jefa shi tsakiyar kasuwa da sunan sabo. In ya maƙale bindi, ya ƙi karɓar abinci daga hannu, to abin da yake koya a ranar tsoron kasuwa ne.

Akwai wani cikas da ya fi shafar gari irin Yamai. Allurar rigakafin cututtukan kwikwiyo, musamman gudawar jini mai kisa da ake kira farbo, ana fara ta ne a mako shida zuwa takwas, ba ta kammala sai wajen mako goma sha shida, ta haukan kare kuma sai ya kai wata uku. Ke nan lokacin sabo na rufewa kafin kariya ta cika. Inda karnukan titi ke yawo ba rigakafi, mafita ita ce a fita da shi a rungume ko cikin kwando, ya gani, ya ji, ya shaƙa, amma ƙafarsa kada ta taɓa ƙasa.

Gwaji, da watan da ake yin sa

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wajen kare, sai dai a tambaya wace Larabar. A Suwidin, Wilsson da Sundgren sun gwada ƴan kwikwiyo 630 na jinsin karen makiyayan Jamus suna da mako takwas, suka sake duba su bayan sun girma, suka ruwaito a 1998 cewa gwajin ƙuruciyar bai nuna wanda zai dace da aiki ba. Wasu gwaje-gwajen da aka ƙera daga baya a Ingila sun ɗan fi haka, amma har yanzu mai hankali ba ya sallamar kwikwiyo ɗan mako takwas don ya yi jinkirin bin ƙwallo. A wannan shekaru, yunwa, barci, ko wanda ya riga shi shiga ɗakin gwaji na iya canza makin.

Daga wata biyar zuwa sama ne alamu ke fara tsayawa. Nan ma akwai tarko. Lucy Asher da abokanta sun nuna a 2020 cewa karnukan da ake renon su don jagora, in sun kai wata takwas, lokacin balaga, sukan fara yi wa mai riƙonsu kunnen ƙashi in ya ce su zauna, alhali baƙo na faɗa suna bi. Zuwa wata goma sha biyu abin ya lafa. Wanda ya yi gwaji sau ɗaya tak a wata na takwas zai yi wa kare mai kyau mummunan zato. Shi ya sa ake maimaitawa, a wata biyar, da takwas, da goma sha biyu, a duba inda layin ya dosa.

Ga yadda gwaji ɗaya ke kasancewa. Ana tafe da kare a igiya sake, mutum na tsaye can gaba, suna matsowa ya buɗe laima farat ɗaya, ya ajiye ta a ƙasa, ya yi shiru. Kusan kowane kare zai zabura, kuma zaburar ba laifi ba ce. Karen da bai ko motsa kunne ba ma abin tuhuma ne, don ana buƙatar mai lura da abin da ke kewaye da shi. Abin da mai gwaji ke ƙirgawa shi ne abin da ya biyo baya. Wani kare zai ja baya taku biyu, ya kakkaɓe jiki, ya miƙa wuya ya sansana laimar, bindinsa ya koma daidai, ya ci gaba da tafiya. Wani kuma zai ja igiya har ta shaƙe shi, ya ƙi matsowa, kuma in an dawo ta wurin bayan an ɗauke laimar zai yi kwana ya kauce. Na farkon ya dawo hayyacinsa cikin ƴan daƙiƙu. Na biyun ya ajiye abin a ransa, kuma gobe zai ƙara wani a kai. Haka ake yi da ƙarar ƙarfen da aka saki a bayansa, da ragar ƙarfen da ake son ya taka, da baƙon karen da ake wucewa da shi. Makarantu da yawa na ba da maki daga 1 zuwa 5 kan kowane hali, kuma ana ɗaukar bidiyo don mutum biyu su ba da maki daban, a ga ko sun yi daidai.

Wannan saurin komawa natsuwa shi ne zaren da ya ratsa yawancin binciken. A Jami'ar Sidni, Lisa Tomkins da Paul McGreevy sun ruwaito a 2011 cewa karen da ke haki da lasar baki in ya ga baƙon kare ya fi faɗuwa, wanda kuma ke samun hutawa sosai da dare a ɗakin karnuka ya fi wucewa. A binciken Bray, da ƴan kwikwiyon suka kai wata goma sha huɗu zuwa sha bakwai, an sa su ɗaki da ƴan kyanwoyin wasa masu motsi da ƙara. Waɗanda suka yi saurin fara kuka ko haushi sun fi faɗuwa. An kuma ba su wata ƴar dabarar ciro abinci mai hawa-hawa: masu nacewa kan hanyar da ta ƙi aiki sun fi faɗuwa, masu sauya dabara sun fi wucewa. In za a yi maganar wayo, to irin wannan ne mai amfani.

Hanyar da ta fi arha kuwa takarda ce. James Serpell da Yuying Hsu na Jami'ar Fensilbeniya sun fitar da jerin tambayoyi kusan ɗari a 2003, ana kiransa C-BARQ, mai riƙon kare ke cikewa yana ba da maki daga 0 zuwa 4. Da aka tattara amsoshi kan karnuka sama da 7,000 daga makarantu biyar a 2012, abin da ya fi nuna faɗuwa ya zama wani abu da kowa ke rainawa: jan igiya da ƙarfi fiye da kima. Tsoron baƙi, gurnani ga mutanen gida, da rashin zama wuri ɗaya su ma sun fito. Illar takardar ita ce mai riƙo ya shaƙu da karensa, hannunsa na rawa in zai rubuta aibinsa. Kuma ta fi iya nuna wanda zai faɗi warwas fiye da bambance na tsakiya, inda mafi yawan karnuka suke.

Abin da yawu, zuciya da dagi ke faɗa

Tunda ido na iya ruɗuwa, masu bincike sun nemi ma'aunin da ba ya son kai. Na farko shi ne sinadarin kotizol, wanda jiki ke saki lokacin damuwa. Ana sa ɗan zaren auduga a kumatun kare na minti ɗaya ko biyu, a matse yawun, a daskarar da shi har a kai ɗakin gwaji. Dole a gama ɗauka cikin kamar minti huɗu, in ba haka ba riƙon da aka yi masa ma zai ɗaga makin, kuma sinadarin na kai ƙololuwa a yawu ne kamar minti ashirin bayan abin da ya tayar da hankalin. Matsalarsa ita ce ba ya bambance tsoro da murna. Karen da ya yi wasan guje-guje da wanda ya ji tsawa duk suna iya nuna maki mai yawa. Awo ɗaya ba ya faɗin komai. Sai an san makin karen a kwance lafiya, sannan a ga yadda ya hau da yadda ya sauko.

A Japan, Kikkawa da abokansa sun auna wani sinadarin garkuwar jiki a yawu, IgA, wanda ke raguwa in damuwa ta daɗe. Sun ruwaito a 2005 cewa cikin mako biyu na farko bayan karnuka sun baro gidan riƙo sun shiga makaranta, makin waɗanda suka ci nasara daga baya ya yi ta hawa, na waɗanda aka sallama ya tsaya ƙasa. Wato ba ranar farko ce ke faɗin gaskiya ba, don kowa a ruɗe yake. Ana kuma ɗaura wa kare bel mai auna bugun zuciya. Babban kare a kwance yakan buga kamar 60 zuwa 100 a minti, kuma abin dubawa shi ne tsawon lokacin da bugun ke ɗauka kafin ya sauko bayan razana.

Sai batun dagi, wanda ya fi kowanne daɗin labari. Kare ma na da na dama da bahago. Ana cusa abinci cikin wata ƴar roba mai rami, a ƙirga sau hamsin wane dagi yake dannewa da shi, ko a ƙirga wace ƙafar gaba yake fara jefawa in zai sauka matakala. Tomkins da McGreevy sun ruwaito a 2012 cewa masu fifita dama sun fi bahagwai wucewa, haka ma waɗanda juyin gashin ƙirjinsu ya murɗa ta hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo. Masu dawaki da suka saba duba juyin gashi a goshin doki kafin ciniki za su yi murmushi. Hujjar masana ita ce ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, mai sarrafa hagun jiki, ya fi hannu a tsoro da ja da baya. Sai dai karnukan da aka gwada ɗari da ƴan kai ne a makaranta guda, kuma bahagwai da yawa sun yi aikin jagora har suka yi ritaya. A ra'ayinmu wannan abin rubutawa ne a gefen takarda, ba abin sallamar kare ba.

Lafiyar jiki ta fi duk waɗannan sauƙin aunawa. Sakin ƙugu da lalacewar gwiwar ƙafar gaba gadonsu ake yi, kuma ciwon gaɓoɓi ne kan gaba wajen sa karnukan jagora ritayar dole ta fuskar lafiya. Ana sa wa kare maganin barci a ɗauki hoton ƙashi. Hanyar PennHIP na iya auna sakin ƙugu tun yana da mako goma sha shida, da maki daga 0 zuwa 1, kuma ƙasa da 0.3 shi ne ƙugu mai ƙarfi. Ana duba ido don yanar ido da mutuwar fatar ganin ido, wadda yanzu gwajin ƙwayar halitta ke ganowa tun kafin ta bayyana. Farfaɗiya na fitar da kare nan take. Ƙaiƙayin fata kuwa ana raina shi, amma karen da ke tsayawa susa a tsakiyar titi ba ya jagora. Nauyi ma na da hannu: a wani bincike da aka bi karnuka 48 na jinsin Labrado, wanda aka fi amfani da shi wajen jagora, tsawon rayuwarsu, waɗanda aka rage wa abinci da kashi ɗaya bisa huɗu sun fi ƴan uwansu daɗewa da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma ya yi jinkirin kama su.

In aka kawo ma'aunin nan Yamai

Duk alƙaluman nan an samo su ne a garuruwa masu sanyi, masu hanyar ƴan ƙafa da bakin titi a gine. Kare jagora ba abin da ido ya saba gani ba ne a titunanmu, kuma duk wanda ke tunanin fara wannan aiki, ko ƙungiyar makafi ce ko likitan dabbobi, zai tarar wasu alamomin sun canza ma'ana.

A ɗauki haki. A Sidni alamar damuwa ce. A Yamai cikin watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40, kuma kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake huce jikinsa. Kowane kare na haki, bugun zuciyarsa a sama, kotizol ɗinsa ma zafi na iya ɗaga shi. Gwajin da ba a yi shi da asuba ko a ɗaki mai sanyi ba, zafin rana aka auna. Zafin jikin kare na daidai 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. Gudron da tsakar rana na wuce digiri 60, ya isa ya ƙona tafin dagi, yashi ma haka. Labrado mai kilo talatin, da gashinsa hawa biyu da ya gada daga bakin tekun Kanada, na shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana ko babu zafi. Juriyar zafi, wadda ba ta cikin takardun makarantun Turai sosai, a nan sai ta hau layin farko.

Shagala ma ta fi yawa. Can baƙon kare ɗaya ake wucewa da shi a igiya. Nan akwai awaki a bakin titi, kaji, zabi, jakin amalanke, garken shanu da yamma, da ƙasusuwan da aka yar kusa da mai nama. Wannan na ƙarshen ya fi damun Labrado. A 2016 Eleanor Raffan ta Jami'ar Kambirij ta gano kusan kashi ɗaya bisa huɗu na jinsin na ɗauke da wata tawaya a ƙwayar halittar da ke sanar da ƙoshi, kuma a cikin waɗanda aka zaɓa don aikin taimakon nakasassu, kusan uku bisa huɗu ne. Ana zaton son abinci ne ya sa suke da sauƙin horo da lada. Shi ne kuma zai sa hancinsa ya koma ƙasa a Wadata. Ga kaska, mai ɗauke da cutar da ke cinye jini, wadda ta fi yi wa karen makiyayan Jamus illa, don haka duba kunne da tsakanin yatsu aikin kowace rana ne. Ga kuma jifa. Yaro ɗaya da dutse ɗaya na iya rusa horon shekara biyu a jikin kare mai riƙe abu a rai, kuma wannan ya sake maido mu ga gwajin laimar nan.

Ta fuskar addini, malamai su ke da magana, amma sananne ne cewa aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka horar, hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta, kiwo da gona, kuma a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Saura al'ada: ko direban taksi zai yarda ya ɗauka, ko mai butiki zai bari a shiga.

Akan tambaya, me zai hana a yi amfani da namu? Arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, akwai karen Azawak na Buzaye, dogo, siriri, kilo 15 zuwa 25, mai gajeren gashi, wanda zafin da ke kayar da Labrado bai dame shi ba. Amma shekaru aru-aru ana zaɓensa ne don ya ga zomo ko barewa ya bazama, ya tsare zango, ya yi ɗari-ɗari da baƙo. Bin abin da ya gifta da ƙin baƙo su ne halaye biyun da takardar gwaji ke fara sokewa. Karnukan unguwa sun fi shi sabo da hayaniya, kuma ba za a rasa natsattsu a cikinsu ba, sai dai babu wanda ya rubuta halin uwa ko na kaka, ga shi rabin tsoro gado ne. Wanda zai bi wannan hanya zai fara ne da littafin rajista: kowace haihuwa, uwa da uba, makin laima da na ƙara a wata biyar, takwas da goma sha biyu, hoton ƙugu, da zafin jiki bayan tafiyar rabin awa da safe, har zuriya uku ko huɗu kafin lissafin ya fara nuna wani abu.

Ko karen ya cika duk sharuɗɗan, sauran haɗi. Ana auna saurin tafiyar makahon, tsawonsa, ƙarfin hannunsa, da irin muryarsa, don kare mai taushin rai na durƙushewa a hannun mai tsawa, mai ƙarfin hali kuma na raina mai sanyin murya. Yawancin makarantu ba sa ba da kare sai ga wanda ya riga ya iya yawo da farar sanda shi kaɗai, ya san kwanonin unguwarsa da kunne da tafin ƙafa. A titin da babu dakalin gefe, ana koya wa karen bin gefen hanya yana tsayawa a kowace mararraba, makahon kuma ya riƙa taɓa bakin hanyar da ƴar gajeriyar sanda lokaci-lokaci don ya tabbatar ba su zame zuwa tsakiyar titi ba.